Ku Tambayi Bakanike: Injin V8 a Cikin Ƙaramar Mazda

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar motar nan mai kujera biyu, Mazda MX-5 ƙirar 1991, mai injin lita 1.6. Lafiyarta ƙalau, sai dai idan na taka totur a miƙaƙƙen titi ba ta ba ni yadda nake so, har motocin ɗaukar iyali wuce ni suke yi. Wani abokina ya ce in sauke injin in ɗora V8 (injin silinda takwas) na Chevrolet, wai ana yi sosai. Zai shiga? In ya shiga, shi ke nan ko da sauran aiki? Da ita nake zuwa wurin aiki kullum.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Zai shiga, abokinka bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa maka ba shi ne, ɗora injin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin gaba ɗaya.

Injin da yake nufi na dangin LS ne na kamfanin General Motors, mai ƙera Chevrolet. Na farkonsu, LS1 mai lita 5.7, ya fito a Corvette ta 1997 da ƙarfin doki 345. Naka na yanzu doki 115 ne ko kusa da haka, wato ninki uku kake shirin ɗora wa motar da nauyinta bai kai kilo 1,000 ba. Dalilin da ya sa yake shiga ƙaramin wuri kuwa, sandar da ke buɗe bawul ɗinsa guda ɗaya ce tal, kuma a tsakiyar jikin injin take, ba a saman kawunansa ba. Saboda haka ba shi da faɗi da tsayi irin na injuna masu silinda takwas da sandunansu ke saman kawuna.

Kafin ka yi murna, tsaya ka tambayi nauyi. Ni a wurina nauyi ya fi yawan doki muhimmanci a irin wannan mota, kuma kamfanin MG na Ingila ya riga ya yi mana gwajin har sau biyu a jikin mota ɗaya. A 1967 sun ɗauki MGB suka saka mata injin silinda shida mai lita 2.9, na zubin ƙarfe, suka kira ta MGC. Ta fi gudu, babu musu. Amma injin ya fi na asali nauyi da fiye da kilo 90, duk a kan tayoyin gaba, sai motar ta riƙa ƙin shan kwana, kana juya sitiyari tana neman miƙewa. Masu gwajin motoci suka yi mata ca, a 1969 aka daina ƙera ta. A 1973 suka sake gwadawa da V8 na Rover mai lita 3.5, wanda jikinsa alminiyam ne. Silinda takwas, amma bai kai ma tsohon injin silinda huɗun nauyi ba. Wannan ta zauna daidai.

Me ya kawo wannan tarihi? Dangin LS ba duka ɗaya ba ne. LS1 alminiyam ne, amma yawancin waɗanda ake cirowa daga akori-kura da manyan jif-jif, masu lita 4.8 da 5.3 da 6.0, na zubin ƙarfe ne, kuma su ne suka fi yawa a hannun masu sayar da tsofaffin injuna. Bambancin ya kai kusan kilo 40. Daɗin MX-5 kuwa duk yana cikin yadda aka raba nauyinta, rabi gaba rabi baya. Ko da na alminiyam aka yi aikin, motar takan ƙara kusan kilo 100 idan an gama. Da na ƙarfe, ka sake ƙera MGC da hannunka.

Sai maganar ƙarfin murɗa, wanda shi ne ke karya kaya. Injinka na yanzu yana ba da kimanin Nm 135, LS1 kuwa ya haura 470. Duk abin da ke tsakanin injin da tayoyin baya, an auna shi ne da na farkon. Kuloci ba zai riƙe ba. Giyabos ba zai jure ba, shi ya sa masu wannan aiki suke ɗauko T56 mai giya shida tare da injin, kuma sau da yawa sai an faɗaɗa ramin da yake kwanciya a ƙasan bodi. Farfela sabuwa za a yanka. Akwatin haƙoran da ke raba juyi ga tayoyin baya, na masu lita 1.6 irin taka ƙarami ne, turbo kaɗai ma yana fasa shi, balle V8. Shi da aksul duka sai an sauya. A gaba kuma, gadon da injin yake zama a kai sai an cire an sa wani, don kaskon baƙin mai da sandar sitiyari su sami wurin wucewa. Carroll Shelby ma da ya cusa V8 na Ford a cikin AC Ace a 1962 ya fitar da Cobra, da ya zo kan injin lita 7 a 1965 sai da aka sake ƙera shasin gaba ɗaya da bututu masu kauri.

Zafi ma abin dubawa ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin fetur a lagireto yake ƙarewa, wani kashi ɗayan kuma ta salansa yake fita. Ka ninka ƙarfi sau uku, ka ninka zafi, alhali bakin da iska ke shiga bai ƙaru ba. Babban lagireto na alminiyam da fanka mai ƙarfi dole ne. Bututun hayaƙi kuma dab da ƙafarka zai bi, in ba a shimfiɗa abin tare zafi ba, a cunkoson motoci za ka gane kurenka. Ga matsi: Sunbeam Tiger ta 1964 ta cushe har sai ta wata kafa daga cikin mota ake kai hannu ga fulogi ɗaya. Taka ba za ta kai nan ba, amma bakanikenka ba zai ƙara yi maka fara'a ba.

Birki da taya kuwa, da su ya kamata a fara tun inji bai iso gareji ba. Tayar asali inci 14 ce mai faɗin milimita 185, kuma tsakanin tayar gaba da ta baya bai kai mita 2.3 ba. Gajeriyar mota mai jan baya, babu na'urar hana sulɓi, ga doki 345: ranar da aka yi ruwa ka taka totur a kwana, bayanta zai riga gabanta.

Ra'ayina, tunda da ita kake zuwa aiki, kada ka yi. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Na ga motoci da yawa da aka sauke wa inji da ɗoki, suka ƙare a lulluɓe da tamfol saboda wayarin ya gagara ko aljihu ya gaza a tsakiyar hanya. In ƙarin ƙarfi kake so, akwai hanyoyi biyu masu hankali. Ko ka sa wa injinka ƙaramin turbo, domin asalinsa daga dangin injin Mazda 323 mai turbo yake, yana ɗauka. Ko ka nemi K24 na Honda, lita 2.4, alminiyam, wanda wasu nau'o'insa ke ba da doki 200, kuma ana haɗa shi da giyabos ɗin Mazda da farantin haɗi. A duka biyun ka sauya akwatin bayan da na ƙirar lita 1.8 da ta fito daga 1994. Doki 200 a kan tan ɗaya ya ishe ka ka daina ganin bayan motocin iyali.

TAMBAYA: Malam, idan an canja inji, dole ne a taɓa takardun mota?

AMSA: Dole ne. Lambar inji da girmansa suna cikin abin da hukuma da kamfanin inshora suka san motarka da shi. A Birtaniya sai ka sanar da DVLA a gyara takardar rajista. A jihar Kalifoniya ta Amurka, injin da za a saka sai ya zama na shekarar motar ko wanda ya fi ta sabunta, da duk kayan tace hayaƙinsa, kuma sai an duba an amince. Kowace ƙasa da nata tsarin, ka tambaya kafin a kwance noti ɗaya. Ka riƙe rasiɗin injin mai ɗauke da lambarsa, don shi ne shaidarka cewa ba na sata ba ne. Inshora kuma in ka ɓoye musu, ranar da aka yi haɗari suna iya ƙin biya.