Ni ɗan tireda ne, me masu kutse za su nema a wayata?

Tambaya: Salam malam. Na ji wai yanzu sayar da kayan kutsen waya ake yi kamar yadda ake sayar da caja, har mutum bai danna komai ba a shige masa waya. Ni dai tireda nake, ba ɗan siyasa ba, wannan abu ya shafe ni kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ya shafe ka wallahi. Da can irin wannan kaya sai gwamnatoci, don tsada ce da shi ba ta wasa ba. Kamfanin NSO na Isra'ila shi ya yi manhajar leƙen asirin waya da ake kira Pegasus, a 2019 ta kiran WhatsApp kawai aka bi aka kai wa mutum wajen 1,400 hari, ko ba ka ɗaga kiran ba an shiga. 'Yan jarida da masu fafutuka aka fi nema a lokacin.

To matsalar ita ce kayan nan ba ya zama a hannu ɗaya, kamar gwanjo ne, mai kuɗi ya sa ya cire na ƙasa ya saya. A 2024 masu bincike na Google suka gano wasu 'yan kutse da ake alaƙantawa da Rasha sun dasa tarko a shafukan gwamnatin Mongoliya, kuma dabarun da suka yi amfani da su kusan sak ne da na NSO da Intellexa, wani kamfanin mai sayar da irin wannan kaya. Abin da ya fi tsaya min a rai, ramukan da suka bi an riga an toshe su tun kafin lokacin, wanda bai yi afdet ba shi ya rufta. Kuma idan kaya ya yi arha ɓarawo ba ruwansa da muƙaminka, manhajar bankinka yake so, da lambar nan da ake turo maka ta tes, da WhatsApp ɗinka don ya roƙi 'yan uwanka kuɗi da sunanka.

Jiya wani ya kawo min waya jan alamar afdet na nan a setin wata bakwai, ya ce data yake tattali. Haba Alhaji! Sayi datar ka yi shi yau ɗin nan, har da Chrome. Ka goge GB WhatsApp, ka daina karɓar manhaja ta Xender daga wayar da ba ka san inda ta kwana ba.

Tambaya: Tawa tsohuwar iPhone 7 ce ta hannu, ta ƙi hawa sabon iOS. Ya zan yi?

Amsa: Hajiya iPhone 7 a iOS 15 ta tsaya, ba ta wucewa. Duk ɗan afdet na tsaro da ya zo ki karɓa, amma gaskiya ni da ni ce sai na cire harkar banki daga kanta har Allah ya hore wata. In za ki canza, ki buɗe setin a gaban mai shago ki ga har yanzu tana samun afdet kafin ki biya.

Tambaya: Ni ɗan jarida ne, akwai ƙari?

Amsa: Akwai. In iPhone gare ka, kunna Lockdown Mode, wato setin tsaro mai tsauri, Apple ya kawo shi a iOS 16 a 2022, zai takura maka wasu abubuwa a saƙo da shafuka amma ka daure. A Android 16 ka nemi makamancinsa, Advanced Protection. Ka riƙa kashe wayar kana kunnawa kullum, wasu daga cikin waɗannan manhajojin kutsen ba sa tsira idan waya ta mutu ta tashi. In kuma Apple ya turo maka gargaɗin ana farautarka, ka tuntuɓi masu binciken irin wannan kutse, wato Citizen Lab ko Amnesty, su duba maka ita kafin ka goge komai.