Kwamfutata Tana Mutuwa Da Kanta, Har Sau Biyu An Yi Mata Fomatin

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da kwamfutar tebur a gida, 'yar gwanjo ce mai Windows 10. Da ita nake buga wa mutane takardu, yara kuma su yi aikin makaranta. Wata uku ke nan, ina cikin aiki sai ta mutu ta sake tashi da kanta. Wani lokaci shuɗin allo ne yake fitowa da rubutu, kafin in karanta ya ɓace, wani lokaci kuma ɗif kawai za ta ɗauke. Sau biyu ina kai wa mai gyara yana yi mata fomatin, kwana biyu sai ta koma gidan jiya. Yanzu ya ce wai bairos ne. Don Allah ina mafita? Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Da farko dai ki daina biyan kuɗin fomatin. Fomatin share Windows yake yi a zuba sabo, kuma galibin bairos tare da tsohon yake tafiya. Tun da an yi haka har sau biyu cutar ta dawo, zato mafi ƙarfi shi ne a jikin na'urar take, ba a manhaja ba. Sai dai fa idan da filashi ɗaya mai ɗauke da gurɓataccen Windows ake yi miki kowane zuwa, wannan ma yana faruwa.

Alamu biyu kika kawo, kuma ba lallai ba ne tushensu ɗaya.

Mutuwar ɗif ba tare da wani saƙo ba, yawanci ko zafi ne ko wuta. Ni a wurina zafi ne abin tuhuma na farko a ƙasarmu. Hunturu ya cika cikin akwatin kwamfutar da ƙura, bazara ta zo ta tarar da fanka a toshe, ga zafin ɗaki ya haura maki 40 a ma'aunin Celsius. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, idan ya doshi maki 100 yakan rage gudu, in abin ya ƙi ya kashe kwamfutar don kada ya ƙone. Ki sauke wata manhaja ta kyauta mai suna HWMonitor da ke nuna zafin furosesa, ki bar ta a buɗe kina aiki. Idan rubutu kawai kike yi a Word amma kika ga maki 85 ko 90, an kama ɓarawon. Ki zare wuta gaba ɗaya, a buɗe murfin gefe, a hure ƙurar da bulowa a tsakar gida, a bi lunguna da buroshin fenti mai laushi. A riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa don kada ta yi ta juyawa fiye da kima. Akwai kuma wani man toka-toka da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke zuƙe masa zafi. A tsohuwar kwamfuta yakan bushe ya zama kamar alli, ki sa mai gyara ya goge ya shafa sabo. Sannan kyallen adon nan da iyayenmu mata kan lulluɓe kayan ɗaki da shi, a yaye shi idan an kunna. Na sha tarar da kwamfuta a cikin rufaffiyar durowar tebur, ana mamakin me ya sa take suma da azahar.

Ta ɓangaren wuta, ki lura da lokacin da take mutuwa. Da ƙaramin janareta ne? Daidai lokacin da firiji ya tashi ne, ko aka jona dutsen guga ko famfon ruwa? Kwamfutar tebur ba ta da batir kamar ta hannu, wuta na yin ƙasa ko da na ƙiftawar ido ne sai ta ɗauke. Maganin wannan UPS ne, wato na'ura mai batir da ke riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci idan ta ɗauke, amma batirinsa kan gaji bayan shekara biyu zuwa uku, don haka tsohon UPS ba hujja ba ne. Akwatin wutar da ke cikin kwamfutar shi ma yana tsufa. Gwajinsa mai sauƙi ne, mai gyara ya ɗaura miki wani na aro ki yi kwana uku da shi. Kada a yarda a kwance wannan akwatin a gida, yana riƙe wuta ko bayan an zare soket.

Shuɗin allo kuwa alheri ne a ɓoye, domin Windows ne yake faɗa miki inda ke masa ciwo kafin ya faɗi. Matsalar ita ce yana saurin wucewa, to sai ki tsayar da shi. Ki danna maɓallin Windows tare da R, ki rubuta sysdm.cpl, ki shiga Advanced, ki danna Settings a ƙarƙashin Startup and Recovery, ki cire alamar da ke kan Automatically restart. Daga ranar allon zai tsaya cak, ki ɗauki hotonsa da waya.

Rubutun manyan baƙaƙe da ke ƙasa shi ake nema. MEMORY_MANAGEMENT ya fi nuna RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin. KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR ya fi nuna faifan ajiya ko wayar da ta haɗa shi. Idan kika ga sunan fayil mai ƙarewa da .sys, to wata direba ce, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da wani sashe kamar firinta ko katin hoto. Misali nvlddmkm.sys na katin NVIDIA ne, sai a cire a sauke sabuwa daga shafin kamfanin. In kuwa yau wannan suna ne gobe wancan, ba ya tsayawa a kan ɗaya, na fi zargin RAM ko akwatin wuta.

Gwajin RAM a cikin Windows yake. Windows da R, ki rubuta mdsched.exe, ki bar ta ta sake tashi ta yi bincikenta. MemTest86 ya fi shi tsanani, a kan filashi ake ɗora shi, yana cin sa'o'i. Idan sandunan RAM biyu ne a ciki, a zare ɗaya a yi aiki da ɗaya, sannan a musanya. Sau da yawa ma ba lalacewa suka yi ba, ƙura ce ta shiga bakinsu ko suka ɗan ɗaga a hanyar zuwa shago a bayan babur. A goge bakin zinaren da abin goge fensir, a mayar har sai an ji ƙas.

Faifan ajiya kuma CrystalDiskInfo ne zai gaya miki lafiyarsa. Good lafiya lau, Caution mai launin ɗorawa gargaɗi ne, Bad ja kuwa sai sauyi. Amma kada ki jira sakamako. Tun da takardun mutane ne a hannunki, yau ɗin nan ki kwashe su zuwa filashi ko Google Drive kafin a taɓa komai.

Wani zai ce miki ai Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi ya sa. Dainawar gaskiya ce, kuma batun tsaro ne da ya kamata ki yi tunani a kai nan gaba, amma ba ita ke kashe miki kwamfuta ba.

Ki fara da kwashe takardu, sai shara da man furosesa, sai RAM. In ta sake bayan haka, ki turo mini hoton shuɗin allon, da makin zafin da HWMonitor ya nuna, da irin wutar da kike kai a lokacin.