Likita, me ya sa nake komawa ga abin da na yi niyyar bari?

Tambaya: Likita, ina da ciwon suga. Kullum sai in ce zan rage shayi, amma da na zauna a majalisarmu a nan Injamena sai in ga na shanye kofi uku. Raunin zuciya ne?

Amsa: A'a, Malam. Ƙwaƙwalwa tana ɗaure ɗabi'a da wurin da aka saba yin ta. Tabarmar nan, ƙamshin gawayi, ƙarar shayi ana tsiyaya shi daga sama, duk suna sa hannu ya miƙa kafin tunani ya iso. Ka kuma san irin sugan da ake antaya wa shayin Chadi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, wajen ƙaramin cokali 12, kai kuwa naka ya kamata ya yi ƙasa da haka sosai. Ban ce ka ƙaurace wa majalisa ba, zumunci ma yana da nasa amfanin. Ka ce wa mai dafawa ya ɗibar maka naka kafin ya zuba suga, ka zauna nesa da tire, ka riƙe gorar ruwa a hannu.

Tambaya: Maigidana yana da hawan jini, amma ko ɗanɗana miya bai yi ba sai ya ƙara gishiri. Daga Garwa, Kamaru.

Amsa: Hajiya, don yana gabansa ne. Ki daina kawo gishiri da yajin da aka daka da magi wurin cin abinci. Iyakar gishiri ƙasa da giram 5 ce a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin magi. Ki rage a hankali, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni.

Tambaya: Da bazara ta shigo garinmu Marwa na Kamaru sai in riƙa faɗa da kowa a shago.

Amsa: Ɗan'uwa, a Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40. Barcin dare ya lalace, ruwan jiki ya ragu, haƙuri ya gajarce. Maganar bashi ko ciniki mai nauyi ka bar ta sai da safe ko bayan la'asar. Idan fitsarinka ya yi duhu, ƙara shan ruwa. In kuwa har da jiri ko ruɗewa, a garzaya da kai asibiti.