Sobers ko Kallis? Fara duba kayan da kowannensu ya ɗauka

Ƙanena, ka tambaya wane ne gwarzon gwaraza a cikin 'yan kurket masu haɗa bugu da jifa, waɗanda muke kira komai-da-ruwanka, kuma ka ce a ganinka magana ta ƙare a kan Jacques Kallis na Afirka ta Kudu, tunda ya tara maki 13,289 da wiket 292 (wato yawan masu bugu da ya fitar da jifa) a wasannin Test, wato doguwar kurket ta ƙasa da ƙasa da ake kwanaki ana bugawa. Alƙalumanka daidai suke, har ma ka manta da ƙwallo 200 da ya cafe. Sai dai ni ban yarda maganar ta ƙare a nan ba, kuma dalilina daga fili na samo shi kafin in same shi a takarda.

Na fara riƙe sandar kurket a makarantar kwana a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da makarantun Arewa suke cike da malamai Indiyawa da 'yan Pakistan. Malaminmu na lissafi ne ya koya mana, a kan tabarma da muke shimfiɗawa bisa ƙasa mai tauri. Bayan na bar makaranta na ci gaba da wasa a ƙananan ƙungiyoyi na shekaru masu yawa, ina jifa ina kuma bugu. Abin da jikina ya koya mini shi ne wannan: in ka yi jifan ƙarfi na oba 15 (kowace oba jifa shida ce) a zafin watan Maris, bayanka ya riƙe, yatsunka suka kumbura, sannan aka ce ka ɗaura kariyar ƙafa ka shiga bugu, to ƙafarka ba ta tashi da wuri, idonka ma yakan makara da ƙiftawa ɗaya, kuma wannan ƙiftawar ita ce ke fitar da mutum. Hausawa sun ce ba a tauna taura biyu. Duk wanda ka ga ya tauna su a matakin ƙasa da ƙasa, abin da za ka fara tambaya shi ne girman kowace taura, kuma ko a lokaci guda ya tauna su.

To mu ɗora Kallis da Garfield Sobers a kan wannan ma'auni. Sobers, ɗan Barbados, ya buga wa West Indies, haɗakar ƙungiyar ƙasashen Karibiyan, wasa 93 daga 1954 zuwa 1974. Ya yi maki 8,032, matsakaicinsa 57.78 (wato makin da yake yi kafin a fitar da shi sau ɗaya), ya fitar da mutum 235, ana cin maki 34.03 a jifansa kan kowane ɗaya. Kallis a wasa 166 matsakaicin bugunsa 55.37 ne, na jifa 32.65. In ka tsaya nan kamar tagwaye ne. Amma Sobers ya jefa ƙwallo 21,599 a wasanninsa 93, Kallis kuma 20,232 a wasa 166. Raba ka gani. Sobers yana jifan kusan oba 39 a kowane wasa, Kallis kusan oba 20. Kayan jifan da Sobers yake ɗauka ninki biyu ne na Kallis, kuma duk da haka matsakaicin bugunsa ya fi.

Wannan ba aibi ba ne ga Kallis. Allah ya haɗa shi da Allan Donald da Shaun Pollock da Makhaya Ntini, daga baya Dale Steyn da Morne Morkel. Ƙungiyar da take da waɗannan ba ta buƙatar ya kashe kansa da jifa. Akan miƙa masa ƙwallo ne don manya su huta, shi kuma ya tsinko wiket ɗaya ko biyu ya koma wurin cafiya. Aikinsa na ainihi shi ne ya shiga na uku ko na huɗu ya kafe kamar turke, kuma ya yi hakan shekara 18, ya buga maki ɗari a shiga ɗaya har sau 45, ta ƙarshe a Durban a wasansa na bankwana da Indiya a Disambar 2013. Na kalle shi sosai a talabijin, kuma ban taɓa ganin mai kare kansa daga fitarwa da natsuwa irin tasa ba. Amma da wuya ka nuna mini jerin wasannin da jifansa ne ya yanke hukunci.

Sobers kuwa mutum uku ne a jifa kaɗai. Da hannun hagu yake jifan gudu da sabuwar ƙwallo, in ta tsufa ya koma murzawa da yatsa, in fili ya ba da dama ya murza da wuyan hannu. Kyaftin ɗin da ke da shi kamar yana shiga fili ne da mutum 13. A matsayin mai murza ƙwallo ma aka fara ɗaukarsa yana ɗan shekara 17, yana shiga bugu na tara. Ɗarinsa ta farko a Test ita ce 365 ba tare da an fitar da shi ba, a kan Pakistan a Kingston a 1958, kuma babu wanda ya wuce ta sai Brian Lara a 1994. Malaminmu ɗan Pakistan ne, amma duk lokacin da ya zo kan wannan labarin sai ka ga ya ajiye alli. Abin da ya fi burge ni dai shi ne zagayen Ingila na 1966: maki 722, wiket 20, cafiya 10, a wasa biyar, kuma shi ne kyaftin. A Lord's ƙungiyarsa na da 95 an fitar da mutum biyar, a wannan fili na Landan shan kaye ya ƙarato, sai shi da ɗan'uwansa David Holford suka tsaya suka haɗa 274 ba a raba su ba. A Headingley ya buga 174, ya dawo ya fitar da mutum takwas a wasan. Wannan shi ne tauna taura biyu a lokaci guda.

Akwai lissafin da masu son alƙaluma suke yi, su cire matsakaicin jifa daga na bugu. Da shi Sobers yana da tazarar kusan 24, Kallis kusan 23, Imran Khan kusan 15, Keith Miller 14, Ian Botham 5, Kapil Dev bai kai 2 ba. Kada ka dogara da shi sosai, domin yana fifita wanda bugu ne babbar sana'arsa. Mai jifa ne ke cin wasan Test, sai an fitar da mutum 20 kafin a yi nasara, kuma wannan lissafin bai san da haka ba.

Shi ya sa nake so ka daɗe a kan mutanen shekarun 1980, waɗanda muka bi labarinsu ta rediyo a gajeren zango, muna manna kunne da akwatin. Su huɗu ne, kuma dukkansu masu jifan gudu ne da suka iya bugu.

Botham na Ingila shi ne ya fi tashe da wuri. A wasa 21 kacal ya haɗa maki 1,000 da wiket 100. A Bombay a 1980 ya buga 114 ya fitar da mutum 13 a wasa ɗaya. A 1981, bayan ya sauka daga kyaftin, ya buga 149 a Headingley lokacin da kowa ya cire rai, Ingila ta ci Ostiraliya da maki 18. A Edgbaston ya fitar da mutum biyar da maki ɗaya tak. A Old Trafford ya ƙara 118. Sau biyar ya haɗa ɗari da wiket biyar na zagaye ɗaya a wasa guda, babu wanda ya kai shi a zamaninsa. Da Botham ya ajiye wasa a 1982, da yau gardamar ta yi zafi tsakaninsa da Sobers. Amma bayansa ya lalace, jiki ya yi nauyi, shekarunsa na ƙarshe suka cinye matsakaicinsa. Sannan akwai abin da ba na iya kau da kai a kansa: West Indies ce zakaran gwajin dafi a lokacin, kuma a wasa 20 da ya yi da su bai taɓa buga ɗari ba.

Kapil Dev ne nake ganin an fi zalunta in ana wannan gardama. Ya fitar da mutum 434, da yawansu a filayen Indiya waɗanda ba sa taimakon mai jifan gudu, ba kuma tare da wani abokin jifa na ajinsa ba. A gasar cin kofin duniya ta 1983 Indiya na da 17 an fitar da biyar a hannun Zimbabwe, ya buga 175, kuma ko a talabijin ba a ɗauki wasan ba. Ya je ya ɗaga kofin a Lord's. Richard Hadlee na New Zealand kuma, da wiket 431 a wasa 86, ya fi su duka iya jifa tsantsa. A Brisbane a 1985 ya fitar da tara a zagaye ɗaya da maki 52, na goman ma shi ya cafe. Amma ɗari biyu kawai ya buga a Test, don haka ni a wurina gagarumin mai jifa ne da ke taimakawa da sanda.

Sai Imran na Pakistan. Ajiye siyasarsa gefe, ba ita muke magana ba. Wiket 362 a wasa 88, kowane ɗaya a kan 22.81, ya isa a ɗauke shi a kowace ƙungiya ko da bai taɓa riƙe sanda ba. A 1982 zuwa 1983 ya fitar da Indiyawa 40 a wasa shida a filayen Pakistan masu laushi, har ƙashin ƙaurinsa ya tsage, ya daɗe ba ya jifa. A wasa 48 da ya yi yana kyaftin matsakaicin bugunsa ya haura 52, na jifa kuma kusan 20. Yawancin 'yan wasa nauyin kyaftin yakan danne su, kamar yadda ya danne Botham, shi kuwa sai ya ɗaga shi. Kuma jarrabawar da Botham ya faɗi, Imran ya ci ta: sau uku ya jagoranci Pakistan a jerin wasanni da West Indies ta su Viv Richards da Malcolm Marshall, sau ukun kunnen doki aka tashi, ɗaya-ɗaya, har da na can gidansu a 1988 inda ya fitar da mutum 11 a Georgetown. Ya rufe da kofin duniya a Melbourne a 1992. Inda nake rage masa maki shi ne bugunsa ya nuna ne sosai bayan gudun jifansa ya fara raguwa, don haka shekarun da taurarsa biyu suka cika baki tare ba su kai na Sobers yawa ba.

Game da bambancin zamani da ka taɓo, gaskiya ne wasan ya canza, amma canjin bai karkata gefe ɗaya ba. Sobers ya gama wasansa kafin hular kwano ta shigo a ƙarshen shekarun 1970, kuma a Ingila ya yi wasa a filayen da ake barin ruwan sama ya jiƙa wurin jifa. Sandarsa siririya ce in ka gwada da na yanzu. Alƙalan wasa 'yan gida ne a ko'ina, har sai da Imran ya sa aka gayyato alƙalai Indiyawa su yi hukunci a Pakistan a 1986, abin da ya share hanyar tsarin da ake bi yau. A ɗaya gefen kuma, Kallis ya buga wasan yini ɗaya har 328 a kan Test ɗinsa, inda ya tara maki 11,579 da wiket 273, alhali Sobers guda ɗaya tak ya buga a rayuwarsa. Na zamanin nan suna fama da tafiye-tafiye, da bidiyo da ake tona raunin mutum da shi, da masu tsaron fili da suka fi na da zafin nama. Wanda ya ce na da sun fi wahala yana da hujja, wanda ya ce na yanzu ne shi ma yana da ita. Saboda haka na daina gwada lambar 1966 da ta 2006 kai tsaye. Ina duba tazarar da mutum ya ba tsararsa, da kuma abin da ƙungiyarsa za ta rasa ranar da ba ya nan.

Da wannan idon za ka ga wasu da jimilla ke ɓoyewa. Miller na Ostiraliya wasa 55 kawai ya samu, domin ƙuruciyarsa ta tafi a tuƙin jirgin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, amma matsakaicinsa kusan irin na Imran ne. Mike Procter wasa bakwai ya buga, ya fitar da mutum 41, aka kori Afirka ta Kudu daga wasa saboda mulkin wariyar launin fata. Shakib Al Hasan ya yi shekaru shi ne babban mai jifa kuma ginshiƙin bugun Bangladesh, a kofin duniya na 2019 ya haɗa maki 606 da wiket 11. Ben Stokes kuwa matsakaicinsa ba zai tsorata ka ba, amma na kalli 135 ɗinsa a Headingley a 2019, mutum ɗaya ya rage masa ana neman maki 73, kuma na tsinci kaina a tsaye a tsakiyar falo. In za a yi adalci ma sai an sa Ellyse Perry ta Ostiraliya a hirar, wadda ta buga 213 a Test kuma a lokacin ita ce ke buɗe jifa.

Amsata ke nan, ƙanena: Sobers na farko, Imran na biyu, Kallis na uku. In wasa ɗaya ne dole in ci shi, a kan ƙungiya mafi ƙarfi, Imran zan miƙa wa ƙwallo da kyaftin ɗin duka. In kana so ka ga dalilin da ya sa Sobers ke sama, nemi tsohon hoton bidiyon wasan Melbourne na Janairun 1972, lokacin da ya jagoranci zaɓaɓɓun 'yan wasan duniya a kan Ostiraliya. Dennis Lillee, mai jifan gudu na Ostiraliya, yana kan ganiyar gudunsa, ya fitar da shi da sifili a zagayen farko. A na biyu ya dawo kansa ba hular kwano, ya buga 254, har Don Bradman, fitaccen tsohon mai bugu na Ostiraliya, ya ce da wuya in an taɓa ganin bugu irinsa a ƙasar. Ba a ƙidaya wannan wasan a matsayin Test ba, don haka ko maki ɗaya daga ciki bai shiga 8,032 ɗin da kake gwadawa da na Kallis ba.