Hukuncin Biyan Wanda Aka Buge da Kuɗin Inshorar Mota

Tambaya: Allah gafarta Malam, na buge wani ɗan acaɓa da motata, ƙashin cinyarsa ya karye, yana kwance a asibiti. Ina da ƙaramar inshorar nan da hukuma ta wajabta. Ya halatta in nemi kamfanin ya biya kuɗin maganinsa? In sun biya, na fita daga haƙƙinsa?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Allah Ya ba shi lafiya, kai kuma Ya kiyaye gaba.

Inshorar kasuwanci mafi yawan malaman zamani sun haramta ta saboda garari, wato mutum ya biya kuɗi bai san zai samu wani abu ba ko ba zai samu ba. Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke hukunci a Jidda a 1985, ta nuna takaful, wato inshorar taimakekeniya ta Musulunci, a madadinta. Shaihu Mustafa az-Zarƙa ya saɓa musu, ya halatta. Amma taka ba zaɓinka ba ce. Dokar Najeriya ta hana hawa titi da mota ba tare da ita ba, don haka babu zunubi a kanka. Sai dai yanzu akwai kamfanonin takaful masu lasisin NAICOM, hukumar kula da inshora ta Najeriya, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. In taka ta ƙare, ka sabunta a wurinsu.

Kuɗin da kamfani zai bayar halal ne ga ɗan acaɓan, domin haƙƙinsa ne, kuma shari'a ba ta ce lallai daga aljihun wanda ya yi laifin zai fito ba. Diyyar kuskure ma dangin mutum na wajen uba ne ke ɗauka, su ake kira aƙila. A mazhabar Malikiyya suna ɗaukar abin da ya kai sulusin diyya ko ya wuce, ƙasa da haka yana kan mai laifin. Wasu malamai sun ce kada a karɓi fiye da abin da aka zuba wa kamfanin. Ban rinjayar da wannan a nan ba. Mai ƙaramar mota naira 15,000 yake biya a shekara tun Janairun 2023, kuma wannan ko ƙarfen da za a sa wa cinyar ba zai saya ba. Wanda zai cutu shi ne majinyacin, kamfani kuwa ya ci riba.

Amma biyan kamfani ba shi ne fita daga haƙƙi ba. Imam Malik a Muwaɗɗa ya ce ba a ƙiyasta diyyar rauni sai ya warke. In ƙashi ya haɗe ya koma yadda yake, babu diyya ƙayyadajjiya. Ibn Arafa, malamin Malikiyya, ya fifita cewa ladan likita da kuɗin magani suna kan wanda ya ji masa ciwon. In ƙafar ta gajarce ko ya zama yana ɗingishi, a ƙiyasta gwargwadon abin da ya ragu. In aka yanke ta, rabin diyya ne, dinari 500, wato giram 2,125 na zinariya a lissafin giram 4.25 kowane dinari. Duk abin da kamfani ya biya a cire shi daga wannan. Ragowar tana nan, sai in shi ya yafe ko kuka yi sulhu da yardarsa, ba don an taru an matsa masa da "ƙaddara ce" ba. Da a ce rai aka rasa, Allah Ya kiyaye, azumin wata biyu a jere da ke aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i yana kanka, babu kamfanin da zai ɗauke maka. Duk wannan idan akwai sakaci daga gare ka ne, kamar gudun wuce sa'a, ko birki da ka san ya lalace, ko duba waya. In shi ya faɗo maka ta inda ba ka da ikon kaucewa, babu lamuni a kanka, in kuma kun yi tarayya a laifin, kowa ya ɗauki kasonsa.

Kafin komai ka duba lambar motarka a rumbun NIID, wato rumbun bayanan inshora na Najeriya da ke intanet, ka tabbatar takardar ta gaskiya ce. Mutane da yawa a hannun 'yan kamasho suke saye a bakin ofishin lasisi, sai ranar hatsari su gane babu kamfanin da ya san da su. Wanda ya sayi ta bogi yana sane, don kawai ya wuce shingen 'yan sanda, ya yi ha'inci kuma ya tozarta haƙƙin wanda zai buge.

In ta tabbata, ka karɓi rahoton 'yan sanda, ka sanar da kamfanin a rubuce ba tare da jinkiri ba, ka ajiye rahoton likita da hoton ƙashi da rasit na kowane magani. Kada ka sa hannu a takardar sulhu kafin su sani, domin suna kafa hujja da wannan su ƙi biya. Haka in lasisinka ya ƙare, ko motar gida ce kake kabu-kabu da ita. Kuma ka faɗa musu yadda abin ya auku, ba ƙari ba ragi. Ƙarin rasit na ƙarya haram ne ko da don taimakon majinyacin aka yi. Kafin kuɗinsu su fito, ci gaba da biyan asibiti daga aljihunka, jinya ba ta jiran takarda.

Wallahu a'alam.