Na Sayi Ihya'u Na Kasa Karantawa, Ko Zamaninsa Ya Wuce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina da ɗan Larabcin Islamiyya da na jami'a. Bara na sayi Ihya'u Ulumiddin na Imam Gazali a Kasuwar Kurmi saboda waswasi da yawan tunani sun dame ni, amma ko shafi ashirin ban kai ba na ajiye. Wani abokina ya ce in nemi littattafan zamani na ilimin halayyar ɗan Adam, wai waɗannan sun tsufa. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ina zaton daga farko ka ɗauko, wato Kitabul Ilmi, inda Gazali ke rarrabe ilimomi yana sukar malamai masu son jayayya. Wanda waswasi ya kai shagon littattafai ba nan maganinsa yake ba. Ihya'u littattafai 40 ne a ɗaure wuri guda, kashi huɗu, goma-goma: ibada, al'amuran yau da kullum, abubuwan da ke halakarwa, da waɗanda ke tsirarwa. Naka shi ne na 21, Aja'ibul Ƙalbi, wato abubuwan al'ajabi na zuciya, wanda ya buɗe kashi na uku.

Nauyin da ka ji gaskiya ne, kuma yawancinsa a kalmomi yake. Shi kansa Gazali ya san haka, shi ya sa ya fara littafi na 21 da warware kalmomi huɗu, ƙalb (zuciya) da ruh (ruhi) da nafs (rai) da aƙl (hankali), ya ce kowacce tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. Idan ya ce zuciya, wani lokaci tsokar nan ta hagun ƙirji yake nufi, amma galibi yana nufin abin da ke sani da fahimta a cikin mutum. Mu ma haka muke: "ya yi zuciya" daban, "zuciyarsa fari ce" daban, "ciwon zuciya" daban. Wanda bai riƙe wannan mabuɗi ba zai yi ta karatu yana ganin kamar maganar na tufka da warwara.

Sannan ba don a zauna a share shafi hamsin a dare ɗaya aka rubuta irin waɗannan littattafai ba. Haka malamanmu na zaure suka gaje su: ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara ya yi sharhi, rabin shafi ya ishi yini. Kai kuma ka tunkare shi kai kaɗai, da saurin karatun jarrabawa.

Batun amfani kuwa, ga abu ɗaya da ya shafe ka kai tsaye. Gazali ya raba abin da ke faruwa a zuciya kafin aiki gida huɗu, ya kawo misalin mutumin da ke tafiya a hanya, sai ya faɗo masa a rai cewa akwai mace a bayansa, in ya waiga zai gan ta. Wannan faɗowar ita ce ta farko. Sai sha'awar waigawa ta motsa. Sai zuciya ta yanke cewa ya kamata a yi. Sai a ƙulla niyya. Ya ce biyun farko ba a kama bawa da su, domin ba da zaɓinsa suka zo ba, kuma ko niyyar ce ya ƙulla, in ya fasa don tsoron Allah lada za a rubuta masa. Dubi yadda wannan ke sauke kaya daga kan mai waswasi, wanda mugun tunani ke faɗo masa ana tsakiyar salla har ya ɗauka imaninsa ya tafi. Likitocin ƙwaƙwalwa na yau ma suna koya wa irin waɗannan marasa lafiya cewa tunanin da ya kutso ba shi ne mutum ba, kuma kokawa da shi ƙara masa ƙarfi take yi. Ni a ganina, bayanin da ya kai shekara 900 yana aiki haka bai tsufa ba.

Kuma marubucin ba da ka yake magana ba. A 1095, yana babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ya ƙi karɓarsa, likitoci suka ce abin daga zuciya ya taso. Ya bar kujerar ya nufi Sham. Bayan wannan ne Ihya'u ya fito.

Akwai abin da za ka tsallake. Bayanin jiki da ke ciki likitancin zamaninsa ne, irin tururin da wai ke tashi daga zuciya ya bi jijiyoyi. Akwai kuma hadisai masu rauni, har da marasa asali. Hafiz Iraƙi, malamin hadisi wanda ya rasu a 1404, ya bi su ya tantance, kuma yawancin bugu suna ɗauke da aikinsa a ƙasan shafi, don haka kada idonka ya riƙa wuce ƙananan rubutun nan. In tsawon ne ya yi maka yawa, fara da Bidayatul Hidaya, ƙaramin littafin Gazali, ko Mukhtasar Minhajil Ƙasidin, wanda tushensa Ihya'u ne aka tace aka gajarta.

Abokinka yana da rabin gaskiya, kuma magabata sun riga shi faɗa. Abu Zaid al-Balkhi, wani malamin Musulmi wanda ya rasu a 934, ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rasuwa ko asara, da wanda ke sauka ba dalili, ya ce na biyun yana da nasaba da jiki kuma yana buƙatar magani. Saboda haka in waswasin ya kai kana maimaita alwala sau da yawa, ko ya hana ka barci da karatu, je ka ga likitan ƙwaƙwalwa, babu abin kunya a ciki. Littafin kuma ka ɗauko shi daga inda ka ajiye, ka buɗe na 21, ka sami malami a unguwarku da zai ba ka rabin shafi bayan sallar Asuba. Allah Ya yaye maka.