Ana So Ana Kaiwa Kasuwa? Amsoshi Kan Mussa Da Masu Ƙin Ta

Tambayar farko ta wannan mako daga wata ɗaliba ce a unguwar Mabera, cikin garin Sakkwato, kan mussa, wato kyanwa. Ga abin da ta rubuto, da irin bakinta:

"Malam, bara ƙanena yat tsinto ɗiyar mussa bakin kwata. Baba ya ce ba ta kwana gidanai, Inna ta yi ta ba shi haƙuri har aka bar ta bayan ɗakin girki. Yanzu in ya dawo kasuwa ita yake fara tambaya, amma sai ya ce, 'Ina waccan abar?' Rannan na ishe shi yana tsame mata kan kifi daga miyarshi, da ya gan ni sai ya ce korar ta yake yi. Wannan shi ne 'ana so ana kaiwa kasuwa', ko kuwa 'sabo turken wawa'?"

'Yata, kin kawo karin magana biyu, kuma kowanne ya kama ɓangare ɗaya ya saki ɗaya.

"Ana so ana kaiwa kasuwa" hoton mutum ne da ya ɗauki abin da ransa ke kai, ya nufi kasuwa da shi kamar mai neman rabuwa da shi. Ana faɗinsa ga budurwar da ke ɗaure wa saurayi fuska alhali tun la'asar take leƙen zaure, ko baƙon da ke cewa ya ƙoshi idonsa na kan akushi. Sharaɗinsa shi ne son ya riga ƙin da ake nunawa. To, ranar da aka kawo ɗiyar mussar nan, Babanku da gaske yake. Yana lissafin tsiren da za a rasa, da kashin da za a binne masa cikin yashin tsakar gida, da kukan muzurai bisa katanga da tsakar dare. Babu son da yake ɓoyewa a lokacin. Saboda haka karin maganar bai hau shi bara ba, bana ne ya zama nasa, daga ranar da ya fara tsame kan kifi yana cewa kora yake.

Abin da ya shiga tsakanin bara da bana kuwa sabo ne, a nan kin yi daidai. Sai dai kada ki kuskura ki ce "sabo turken wawa" inda zai ji. Turke shi ne guntun icen da ake kafawa a ɗaure dabba, kuma karin maganar zargi ne ga wanda sabo ya ɗaure shi a inda ya kamata ya bari, kamar mai komawa wurin da ake wulaƙanta shi don kawai ya saba. Babu wautar da Babanku ya yi. Wanda ya fi dacewa da shi shi ne wanda ake faɗi wurin ta'aziyya, cewa sabo ake yi wa kuka. Ki bari mussar ta yi kwana biyu ba a gan ta ba, za ki ga wa zai fita da tocila yana haska ƙarƙashin mota.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne "waccan abar". Ke kin ɗauke shi raini, ni kuwa alkunya nake ji a ciki. Bahaushe ba ya kama sunan ɗansa na fari. Uwa takan ce "yaron nan" ko "wannan", ba ta yi masa wasa gaban mutane, kuma ba wanda ya taɓa cewa ƙin sa take yi. A Sakkwato, inda kunyar Fulani ta haɗu da ta Hausawa, abin ya fi kauri. Dattijon da ya furta gaban iyalinsa cewa dabba ba ta kwana gidansa ba zai tara ku ya ce ya sake shawara ba. Zai bar bakinsa inda yake, hannunsa ya ci gaba da aiki. Naku shi ne kawaici: in kin ishe su, ki yi kamar wani abu kika zo ɗauka.

Ita ma mussar tana da nata dalili. Kyanwa na ɗaukar zura mata ido a matsayin barazana, kuma ba ta son a yi ta cacumar ta. Yara na bin ta suna ɗagawa suna ja mata wutsiya, shi kuwa mai gida yana zaune kan buzunsa ko kallon ta ba ya yi. Wurin wa za ta kwanta?

Tambaya ta biyu daga wani magidanci ce a Runjin Sambo. Ya ce mahaifiyarsa ta daɗe tana zubar da duk ruwan da mussa ta sa wa baki, yau ga shi ita ke ajiye mata sauran nono a ƙoƙo. Amma tambayarsa ta harshe ce: ɗansa ya rubuta "mussa" a jarrabawa an soke, an ce "kyanwa" ko "mage" ne daidai. Shin mussa ba Hausa ba ce?

Hausa ce tsantsa, Alhaji. Karin harshen yamma ne, kamar yadda kuke cewa "ɗiya" inda Bakano ke cewa "'ya", ko "munka zo" inda yake cewa "muka zo". Daidaitacciyar Hausa ta makaranta ta fi jingina da karin Kano, shi ya sa kyanwa da mage suka shiga littattafan karatu, mussa ta tsaya a gida. Akwai kuma kuliya, sai muzuru ga namiji. Kalmar taku tana da dangi a maƙwabta: Zabarmawa na cewa "muusu", har zaki ma "muusu beeri" suke ce masa, wato babbar mussa. Yaro ya rubuta kyanwa don ya ci makinsa, amma da malamin ya ja layi ya yi bayani, da ya fi sokewa.

Game da Hajiya, ba ita kaɗai ba ce. Tsofaffi da yawa na ƙyamar kyanwa, musamman baƙa, saboda camfin cewa aljanu ko mayu na rikiɗa su shiga siffarta. Sai dai littafin da malamanmu na zaure ke karantarwa ya raba gardamar ruwan. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, wata mata mai suna Kabsha ta zuba wa surukinta, sahabi Abu Ƙatada, ruwan alwala, kyanwa ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha. Da ya ga tana kallon sa da mamaki, sai ya gaya mata cewa Annabi (SAW) ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawo a tsakaninku. Abu Huraira ma laƙabi ne, daga 'yar kyanwar da yake ɗauka. Ƙoƙon nonon Hajiya yana da madogara.

Sai wata gajeruwa daga Arkilla: wace ce Lamin da ke cikin "kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi"?

Lami sunan rana ne, na macen da aka haifa ran Alhamis, kamar Jummai da Asabe da Ladi. Karin magana kan ari irin waɗannan sunaye don kowace unguwa na da mai su. Ana faɗinsa ga wanda ake jin tsoro a banza, ko hukumar da ke da suna ba ta iya hukunta kowa, don haka ba yabo ba ne. Kada a haɗa shi da "mage mai kwanciyar ɗaukar rai", wanda kishiyarsa ne: ita wannan ta lafe ne kamar barci take, ɓera ya matso ya gani. Mai tambayar ta ce tana so ta riƙa kiran kakanta kyanwar Lami, don ya yi ta faɗa kan magen gidansu ƙarshe ya ƙyale. Tunda jika ce, akwai wasa tsakaninsu, tana iyawa. 'Yar Mabera kuwa, da uba take magana, ban ba ta wannan izini ba.